Shagon tsofaffin littattafai a lungun Taminus

'Yata ta biyu ce silar zuwana wannan shago. Tana takarar shugabar ɗalibai mata a makarantarsu, aka ce ranar Alhamis kowace 'yar takara za ta tashi ta karanta manifesto ɗinta. Da daddare ta tambaye ni ma'anar kalmar, ni kuwa ban yi wata-wata ba na ce ai "manufa" ce tamu Turawa suka ara. Kallon da ta yi min ne ya sa washegari na nufi Taminus, a garin Jos, neman ƙamus.

Shagon yana cikin wani lungu, ɗaki ɗaya ne, mutum biyu ba sa gilmawa sai ɗaya ya karkace. Mai shi dattijo ne, tsohon malamin makaranta, yana zaune da hular sanyi har kunne. Na ce, "Baba, ƙamus nake so mai faɗin asalin kalma." Bai fara da maganar kuɗi ba, sai ya tambaye ni wace kalma ce. Da na ba shi labari ya yi dariya har da tari. "Malam, kama da wane ba wane ba ne. Manufa daga nufa take."

Ya taka kujera ya sauko da wani jibgegen ƙamus mai yagaggen bango, ya sa yatsa muka bi tare. Kalmar manifesto daga Italiyanci ta shiga Turanci a ƙarni na 17, tushenta kuma Latin ne, manifestus, wato abin da ya fito fili ƙarara. Har ɓarawon da aka kama dumu-dumu da kayan sata ana kiransa manifestus a Latin. Wannan ne ya tsaya min a rai. Ashe manifesto fitowa ce gaban jama'a ka bayyana abin da ka yi imani da shi da abin da za ka aikata, yadda gobe za a iya kama ka da bakinka.

Baba bai tsaya nan ba. Ya ce takardar da muke rubuta suna a tashar Titin Bauchi kafin mota ta tashi, wadda ake kira manifes, tushensu ɗaya, ita ma bayyana abin da aka ɗauko take yi. Ya ambaci manifeston kwaminisanci na Marx da Engels da aka buga a Landan a 1848, amma inda muryarsa ta ɗaga shi ne kan sanarwar Sawaba da 'yan jam'iyyar NEPU suka fitar a Kano a 1950. Sai da na tuna masa ina da aiki.

Aibin wurin ba ɓoyayye ba ne. Ƙura ce ko'ina, na yini ina atishawa. Littattafan ba su da tsari, a kan Baba kaɗai tsarin yake, ranar da ba ya nan yaronsa ba zai iya nemo maka komai ba. Ba ya karɓar tiransifa. Na biya naira 4,500 bayan ciniki, sai a gida na ga wasu shafuka na harafin W sun zube.

Duk da haka zan koma. Yarinyar ta karanta shafin sau biyu, ta ɗauki biro ta soke alƙawarin da ta rubuta na gyara rijiyar burtsatsen makaranta. Wanda zai je shagon ya je kafin azahar, da tsabar kuɗi da takunkumi.