Dillalan gidan haya a Maraɗi: inda suke da amfani ga sabon ɗan haya, da inda ba su da shi

Wanda zai kama haya karon farko a Maraɗi, ba shi da asusun banki mai tarihi, ba shi da tsohon mai gida da zai shaide shi, da wuya ya kauce wa dillali. Gaskiya ne akwai ofishin bayanan bashi na ƙasashen UEMOA (ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) da bankuna ke dubawa kafin su ba da rance, amma mai gida a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba can yake dubawa ba. Tambayarsa biyu ce: me kake yi, kuma wa ya san ka?

A nan dillali yake cin la'adarsa da halal. Ya san ɗakin da za a tashi ƙarshen wata tun ba a kwashe kaya ba, ya san mai gidan da ba ya ba gwauro ɗaki a gidan iyali, ya san wanda ke karɓar ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. In ya ce “Alhaji, yaron nan na san shi”, maganar takan yi aikin da takarda ba ta yi. Sai dai kada ka tsaya kan bakinsa kaɗai. Ma'aikaci ya riƙo takardar albashi ta wata 3. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ya zo da maigidansa ko wani dattijo da zai tsaya masa, ya sa hannu. Mai tsayawa nagari yakan sa a rage yawan watannin da za a nema gaba, kuma wannan ne babban sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi.

Lissafin kuɗin shiga shi ne inda sababbi ke tuntuɓe. A ce ciki da falo ne a jika 25 a wata, aka nemi wata 3 gaba, kosiyo (kuɗin ajiya da ake mayarwa in za a tashi) na wata 1, dillali kuma ya ce la'adarsa wata guda: jika 125 ke nan tun ba ka sayi tabarma ba. Ban da kuɗin mai da wasu ke karɓa a duk zagayen duba gida, ko an dace ko ba a dace ba. A yanke la'ada da kuɗin zagaye tun kafin a hau babur. Kuɗin haya da kosiyo kuwa a hannun mai gida ake sa su, ko wakilin da shi da kansa ya nuna, a gaban shaida. Yawancin rigimar ɗaki ɗaya da aka ba mutum biyu daga nan take tasowa, wato an damƙa kuɗi ga wanda makulli kawai yake riƙe da shi.

Raunin aikin dillalai a fili yake: sai an ƙulla ciniki suke samu, don haka aibin gida ba ya fitowa daga bakinsu. Dubawa taka ce. Ka nemi takardar NIGELEC ta ƙarshe da ta ruwa, ka ga ko akwai bashin wanda ya tashi, domin ranar da aka zo yanke wuta ba a tambayar wa ya sha. Ka rubuta lambar da mita ke nunawa ranar shiga. In mita ɗaya ce ga gida duka, a faɗa maka yadda ake rabo: da ɗaki ne, da kai ne, ko da kayan wuta? Mai fanka ɗaya da ƙwai biyu bai kamata ya biya daidai da mai firiza ba, kuma ƙaramar mita ta ɗakinka tana kashe wannan gardama. Ka ɗaga kai ka dubi silin: tabon ruwa mai launin ƙasa alamar kwano ne mai yoyo, rani ne ya rufa masa asiri. Gindin bango da ya kumbura yana zubar da siminti danshi ne. A unguwannin da ke gangare wajen Gulbi, tambayi maƙwabta inda ruwan Agusta ke tsayawa. Ka leƙa masai, ka ji wa ke biyan kwashewa in ya cika.

Takarda ma ba kasafai dillali ke kawo zancenta ba, alhali ita ce kariyar wanda ba shi da kowa. Shafi ɗaya ya isa: sunaye da lambar katin ɗan ƙasa, kuɗin wata, ranar biya, adadin kosiyo da sharaɗin mayar da shi, wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin kuɗi, da gyaran da ke wuyan kowa. A kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Ka ɗauki hoton ƙofa, taga, famfo da bango da wayarka, don da su za ka karɓi kosiyonka cikakke.

Kowane biya ya zama da rasit. Aikawa ta Nita ko Amana tana barin shaida mai kwanan wata, amma a rubuta a littafi cewa na wane wata ne, mai gida ya sa hannu. Rasit 12 a jere su ne za ka nuna wa mai gida na gaba in za ka nemi a rage maka watannin gaba.