Kafin ka sayo wa Baba ko Hajiya sabuwar tibi, tsaya ka karanta wannan

Bara kafin azumi muka haɗa kuɗi ni da ƙannena muka sayo wa Babanmu sabuwar tibi, irin smart ɗin nan inci 43, muka cire masa tsohuwarsa mai ƙeya da ta fi shekara ashirin a falonsa. Ranar kowa murna yake, aka kafa ta a bango aka ɗau hoto aka tura guruf ɗin gida. Bayan sati biyu na je gaishe shi na tarar da ita a kashe an lulluɓe ta da ɗankwali, shi kuma yana zaune a kan darduma da ƴar rediyonsa a kunne. Na ce Baba lafiya tibin, sai ya ce ai ta lalace tun ranar Laraba, bai so ya faɗa mana ba ne don kar mu ce ya ɓata mana kuɗi. Da na kunna babu abin da ya same ta, hannunsa ne kawai ya taɓa maɓallin source a rimot ta koma wani layin daban ta rubuta No Signal, shikenan. Kwana huɗu mutumin nan bai kalli labaran ƙarfe tara na NTA ba, abin da tun muna yara ba ya wuce shi. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi sosai.

Daga nan ne na zauna na yi ta bin abin dalla-dalla, na gwada masa hanyoyi har kusan uku kafin muka dace, na kuma yi wa Innarmu ƙanwar mahaifiyata da ke ƙauye nata daban. Shi ne na ce bari in rubuta ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Ba wai tsofaffin ne ba sa son ci gaba ba, abin ne ya canza musu a ƙarƙashin ƙafa. Da can eriya ce kawai a kan dogon gora ko bututun ƙarfe, ka kunna ka murɗa, NTA ta fito, a Kano ga CTV 67 wadda yanzu ta koma ARTV, an gama magana. To sai aka zo da batun komawa dijital, ƙasashe suka yi yarjejeniya a Geneva a 2006 cewa zuwa Yunin 2015 za a bar tsohon tsarin analog, Najeriya ba ta cika wa'adin ba, sai a Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos, aka yi Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna a 2017, Kano kuma sai 2021. Wato dai sannu a hankali akwatin dikoda ya shigo tsakanin eriya da tibi, rimot ya zama biyu, kuma a nan ne duk wahalar dattawa take. Rimot biyu.

Don haka tambayar farko ba wace tibi ce ta fi kyau ba, tambayar ita ce me suke kallo. Zauna ka tambaye su da kanka, kar ka yi hasashe. Baba nasa uku ne: labarai, tafsiri da wa'azi, sai tashar Makka da ake nuna ɗawafi kai tsaye. Inna kuma wasan Hausa da shirin girki na Arewa24, sai ita ma Makka da Madina. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa neman ƙwallo ko fim ɗin Turawa, amma mu da muke saye kanmu muke saya wa ba tare da mun sani ba.

Bari in fara da dish na kyauta, wanda ake cewa free to air, don shi ne ya fi yawa a gidajenmu na Arewa har Nijar. Ka sayi faranti da dikoda irin su Strong da makamantansu, mai haɗa dish ya zo ya saita maka, ba ka ƙara biyan ko kobo a wata. Babban alherinsa ga tsoho ke nan, babu ranar da zai wayi gari a ce kuɗi ya ƙare. Kuma tashoshin Saudiyya na Alƙur'ani da na Sunna da ke nuna Harami da Masallacin Annabi dare da rana a kyauta suke a kan taurarin ɗan'adam na Nilesat da Arabsat, ga tashoshin Hausa na addini irin su Sunnah TV da Manara, ita ma Arewa24 tun da ta fara a 2014 ana kama ta a kyauta. Sai dai ka sani ba duka ne suke kan tauraro ɗaya ba, shi ya sa za ka ga gida da faranti biyu ko faranti ɗaya mai kai biyu, don haka rubuta sunayen tashoshin da ake so a takarda ka ba mai haɗawa, kar ka sallame shi sai ka ga kowacce ta fito da idonka. Matsalarsa kuwa, tashoshi kan canza lambar firikwensi lokaci zuwa lokaci sai a nemi tasha a rasa sai an sake sikanin, iskar farkon damina tana iya karkatar da faranti idan ba a ɗaure shi da kyau ba, in hadari ya haɗu sosai hoto ya riƙa tsinkewa. Tsoho ba zai iya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, dole a samu yaro ko mai gyara na kusa wanda lambarsa take rubuce a bango. Wani abu kuma da mutane ba sa lura, idan aka yi sikanin gaba ɗaya tashoshi ɗaruruwa ne ke shigowa, wasu ba su dace a gani a falon dattijo ba balle ga jikoki suna shige da fice. Zauna ka goge su duka, ka bar goma ko sha biyu, ka jera su daga 1. Awa ɗaya za ta ɗauke ka amma ita ce aikin da ya fi komai amfani a duk hidimar. Kuma in za ka sayi dikoda ka tabbatar mai MPEG-4 ce, HD, kar a haɗa ka da tsohuwar MPEG-2 don arha, tashoshi da yawa sun bar wancan tsarin, sai ka ji murya babu hoto ko ma babu komai.

Na biyu su ne na biyan kuɗi, StarTimes da GOtv da DStv. Gaskiya wajen sauƙin sha'ani sun fi, lambar tasha ba ta cika motsi ba, in an canza wani abu akwatin kan sabunta kansa, rimot ɗinsu ma ba shi da hayaniya da yawa. StarTimes ta shigo ne a 2010 da haɗin gwiwar NTA, tana da na eriya tana da na faranti, kuma ana iya biyan na kwana ko na sati ba sai wata ba. GOtv ta kamfanin MultiChoice ce masu DStv, da eriya take aiki don haka sai a garuruwan da sabis ɗinsu ya kai, kafin ka saya ka leƙa maƙwabta ka ga ko akwai mai ita kuma tana kamawa da kyau, kar ka dogara da maganar mai shago. DStv faranti ce tana kamawa ko'ina amma ta fi tsada, kuma in ba akwai mai kallon ƙwallo a gidan ba ni ban ga dalilin kai ta ɗakin tsohuwa ba. A Nijar Canal+ ce ke wannan matsayin. Akwai tashoshin Hausa a cikinsu, Africa Magic Hausa a ɓangaren MultiChoice, Arewa24 ma tana ciki, amma ba kowane kunshi ne ke ɗauke da kowace tasha ba, duba jerin kunshin da kake son biya kafin ka biya. Abin da nake so ka yi wa kanka gaskiya a kai shi ne biyan kuɗin. Iyayenmu ba za su taɓa kiranka su ce kuɗin tibi ya ƙare ba, kunya da kara ba za su bari ba, za su zauna ne shiru da rubutu a fuskar tibi. In ka san kai mai mantuwa ne ko samunka ba kullum ba, to ko ka biya na watanni a dunƙule ko ka sa tunatarwa a waya, in ba haka ba ka koma kan na kyauta. Farashi kuma ya sha hawa a ƴan shekarun nan, ka lissafa na shekara guda ba na wata ba.

Akwai kuma akwatin FreeTV na gwamnati da aka fito da shi saboda komawa dijital ɗin, a lokacin da ya fito na eriya ne, ana biyan ɗan kuɗi sau ɗaya a shekara. Inda aka ƙaddamar da shi kuma sigina na da ƙarfi ba laifi ga mai son tashoshin gida kawai, amma ka fara ganin yana aiki a unguwar tukuna.

Sai smart ɗin da intanet. Ba na cewa ba shi da kyau, ni kaina shi nake amfani da shi, tafsirin malamai na shekaru da dama yana nan a YouTube, da shirye-shiryen da suka wuce ka. Amma ga mutumin da ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, rubutun kuma duk da Turanci, ana kunnawa maimakon tasha ta fito sai allon gida ya fito da akwatuna-akwatuna, sai ya zaɓa, sai ya rubuta da kibiyoyi, ga talla, ga saƙon sabuntawa da ke tsayawa a tsakiyar allo yana jiran amsa. Ga data, awa ɗaya ta bidiyo mai kyan hoto tana iya cin kusan giga ɗaya ko fiye, tsoho kuwa barin tibi yake a kunne ya yi gyangyaɗi. In akwai jika ko ɗa a gidan kullum wanda zai riƙa sa musu, to madalla. In su kaɗai ne, kar ka yi. In kuma ka riga ka saya kamar mu, shiga saitin ka nemi inda za ta riƙa tashi kai tsaye a kan HDMI ɗin da dikoda take, yawancinsu suna da shi, ka kuma kunna abin da ake kira CEC wanda ke sa rimot ɗaya ya sarrafa na'urori biyu, Samsung suna ce masa Anynet+, LG kuma SimpLink, in dai dikodar ma ta yarda da shi. Wasu rimot ɗin dikoda kuma suna da ƴan maɓallai a sama da ake koya musu kunna tibi da ƙara murya, a tambayi mai shago ya koya masa tun a can.

Hanyar da mutane ke rainawa amma ta yi wa Inna aiki fiye da komai ita ce filash. Kusan duk tibin yanzu da dikoda suna da ramin USB, na je wurin masu tura abubuwa a waya aka cika min filash da karatun Alƙur'ani izu sittin da tafsirin azumi, ba data ba sigina ba ruwansa da hadari. Ɗan maƙwabcinta ne ke sa mata in ta buƙata.

Batun ita kanta tibin. In mai ƙeyar tana aiki lafiya kuma sun saba da ita, ba dole ba ne a cire ta, dikoda da yawa har yanzu suna da ramin wayar nan mai kai uku ja da fari da ruwan ɗorawa, sai dai ka duba bayan dikodar kafin ka biya don wasu ƙanana HDMI kaɗai gare su. Amfanin sabuwar LED shi ne wuta, inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, mai ƙeya kuwa ta fi haka ci sosai, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 tada janareta don kallon labarai ya zama aiki. Ga wanda yake ƙauye ko unguwar da NEPA sai a hankali, akwai tibi mai aiki da batir 12V kai tsaye, ka haɗa da ƙaramar sola, ita muka yi wa Inna. Inci 32 ta isa ɗaki, 43 sai in falo ne babba ko idon ya yi rauni sosai. Kar ka biya kuɗin 4K, tashoshin da suke kallo babu mai watsawa a haka. Abin da ya kamata ka kashe wa kuɗi shi ne murya, waɗannan siraran tibin lasifikarsu ƙanana ne kuma ƙasa ko baya suke kallo, Baba ya yi ta cewa mutanen ciki ƙus-ƙus suke yi alhali tsohuwar tasa lasifikarta a gaba take. A shago ka sa a kunna maka tashar magana ba kiɗa ba, ka ja baya taku biyar ka saurara. In ba ta fita, ƙaramar sifika ta waje tana magance shi, amma wadda ba ta da nata rimot ɗin, kar mu koma gidan jiya. Sannan ka haɗa da na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi, wadda ake cewa TV guard, kuɗinta kaɗan ne a kan kuɗin gyaran allo. Kuma kar a kafa ta can sama kusa da silin, daidai idon wanda ke zaune ake so, yawancin iyayenmu a ƙasa suke zama ko a kan gado.

Yanzu abin da ke ɗakin Baba shi ne smart ɗin nan dai amma an cire ta daga intanet, tana tashi kai tsaye a kan dikodar faranti, tashoshi tara kacal. Rimot ɗin tibin na ɓoye shi a durowa, na dikodar kuma na bi duk maɓallan da ba ya buƙata na rufe su da baƙin salatif, na bar kunnawa da murya da lambobi. Na samu kwali na rubuta masa da alƙalamin maka da manyan baƙi, da ajami don shi ya fi saurin karantawa, 1 NTA, 2 Makka, 3 Madina, har zuwa tara, na liƙa a gefen tibin. Ban nuna masa ina dannawa ba, shi na miƙa wa ya yi da hannunsa sau biyar ina zaune, har da gangan na sa ya ɓata ta ya ga yadda kashewa daga soket da sake kunnawa ke dawo da ita daidai. Na ce masa Baba ko me ka danna ba za ta lalace ba, in ta ƙi kawai ka kira ni ko da tsakar dare ne. Ya kira sau biyu a watan farko, ɗaya batirin rimot ne ya mutu, tun daga nan nake ajiye masa guda huɗu a cikin gwangwanin da yake sa carbinsa.