Kafin ka kashe kuɗi kan karatun yaro: littafi, malamin lesin ko waya?

Iyaye 'yan uwana na Sakkwato, yaro ya iya karanta shafi da ƙarfi ba shi ne ya fahimta ba. Wani zai zuba maka layi goma babu tuntuɓe, ka tambaye shi wa ya tafi kasuwa cikin labarin sai ya tsaya kallonka. Don haka kafin ka sayi komai gwada shi: ba shi gajeren labari ya karanta na minti 1, rufe takardar, yi mai tambaya 5, ɗaya ta zama "don mi ya yi haka?" wadda amsarta ba ta kwance a rubuce. Kusan hakanga ake gwajin EGRA, wato gwajin auna iya karatu na 'yan ƙananan azuzuwan firamare.

In ya kasa haɗa baƙi da wasali, malamin lesin shi ne maganin, amma fa zaɓa za ka yi. Zauna ka ga darasi ɗaya, in duk maimaitawa ce, malam ya faɗa yara su amsa, wallahi hadda kake biyan ma kuɗi. Nemi wanda ke tsayawa tsakiyar labari ya tambayi yaro mi yake ganin zai faru gaba, ko da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ne, galibi kuɗinsu ma da sauƙi.

In yana karantawa fahimtar ce babu, littattafan labarai na Hausa sun fi komai arha da amfani, don yaro da harshen gida yake fara ganewa kafin Turanci ya zauna. Ka fara tambaya a makarantarsu ko akwai littattafan Mu Karanta na aji 1 zuwa 3, waɗanda shirin hukumar agajin Amurka ta USAID ya kawo makarantun gwamnati a Sakkwato da Bauchi, kafin ka nufi babbar kasuwa.

Littafin tsofaffin tambayoyin kwaman entirans na ɗan aji 6 ne, auna fahimta yake yi, ba ya koyar da ita, kar a ɗora ma ɗan aji 2.

Waya kam ni ban cika so ba gaskiya, ga data ga caji, ka juya baya yaro ya koma kallon bidiyo. Sai dai in za ka zauna kusa da shi bayan magariba kuna karantawa tare, kana tambaya yana amsawa.