Faifan YBCO mai shawagi: kayan ya yi, littafin bayaninsa ne bai yi ba

Kit ɗin nan na gwajin sufakondakta (abin da lantarki ke bi ta cikinsa ba turjiya idan ya yi sanyi sosai) a aji gaskiya ya burge ni. Abin da ke cikin kwalin shi ne ɗan baƙin faifan YBCO (sufakondakta da aka haɗa da yttrium, barium, jan ƙarfe da oksijin), da zagayayyen titi da aka jera maganaɗisun neodymium a kai, sai hantsakin roba. YBCO tun 1987 aka gano shi, yana daina turjiya ga lantarki a sanyin wajen 92 K (K na nufin Kelvin, ma'aunin zafi da sanyi), shi ya sa ruwan naitirojin mai 77 K ya ishe shi. Ruwan dai kai za ka nemo, safar hannu ma ba su sa ba, kuma ya kamata su sa.

Ka ɗora faifan a kan titin da guntun kwali a tsakani, ka zuba ruwan har ya daina tafasa, ka zare kwalin, sai ka ga ya tsaya cak a iska yana hayaƙi, ka kife titin ma yana nan rataye a ƙasa bai faɗo ba wallahi.

To a nan littafin ya ɓata min rai, wai duk aikin Meissner ne, wato yadda sufakondakta ke korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Meissner turewa yake, ba ya riƙewa. YBCO sufakondakta ne nau'i na biyu, wato maganaɗisu na ratsa shi a siraran zaruruwa su maƙale a lahanin da ke cikin kiristal ɗin, masu yin sa ma da gangan suke barin ƙwayoyin wani sinadari mai suna Y2BaCuO5 a ciki don riƙon ya ƙara ƙarfi.

Sun kuma ce wai ba a asarar makamashi ko kaɗan, alhali da idonka za ka gani. Danna faifan ƙasa da ƙarfi, ba ya komawa inda yake, don ka fizge zaruruwan daga maƙalinsu kuma duk motsin da suka yi zafi yake zama. A titin ma yana gudu sumul amma inda jerin maganaɗisun bai daidaita ba a hankali yake rage gudu. Wannan matsalar ce injiniyoyi ke fama da ita a wayoyin sufakondakta masu ɗaukar AC (lantarki mai kai-komo), ɗalibi ya cancanci a faɗa masa.

Malamai ku saya, amma ku rubuta naku bayanin. Kuma ku busar da faifan bayan kowane gwaji, danshi na lalata YBCO, ga shi da saurin fashewa.