Tama Speed Cobra 910: feda biyu ta gangar ƙafa

Tsawon farantin takawarta ne abin saye a nan. Mai buga diddige sannan yatsu zai samu fili, bugu biyu su fita da taku ɗaya. Sarƙarta biyu ce, tana tafiya sumul.

Saita makaɗin, wato sandar da ke dukan gangar, ya jingina baya kamar digiri 45 daga fata. Kada a ɗaure sifirin tamau: ƙwauri zai gaji kafin waƙa ta kai rabi. In ya yi sako-sako kuma, makaɗin ba ya dawowa da wuri. Gudu daga idon sawu yake fitowa, don haka a ɗaga kujera har cinya ta ɗan gangaro.

Inda take ba da ciwon kai shi ne sandar da ke haɗa fedar hagu da ta dama. Sukurorinta na kwancewa, sai hagu ta riƙa makara. Fedar tana da tsada kuma.