Shekara biyu da Jellyfin a gidanmu na Nima, da hanyar aikin da ta nuna min

A ƙarshen 2023 na sayi wata tsohuwar kwamfuta a Tip Toe Lane da ke Circle a Accra, babban birnin Ghana, ƙirar Dell OptiPlex 7050, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa a lodo su a kwantena. Akwatin ne kawai, babu allo. Na rungumo ta a cinya cikin trotro, motar haya, har unguwarmu Nima. Buƙatata a lokacin ba ta da yawa, so nake in tara bidiyoyin gidanmu wuri guda. Muna da faya-fayen biki da na suna da na walimar sauka tun zamanin VCD, wasu sun fara karcewa, sauran kuma suna warwatse a wayoyin mutane. Duk wanda wayarsa ta faɗa ruwa, wani yanki na tarihin gida ya bi ta ke nan. A kan wannan kwamfuta na ɗora Jellyfin, yau shekara biyu tana aiki ba dare ba rana a kan wata 'yar kanta a ɗakina.

Ga wanda bai san ta ba, Jellyfin manhaja ce da ke mai da kwamfutarka uwar garken kallo. Za ka zuba mata bidiyo da sauti da hotuna, ita kuma ta jera su tsaf, kowanne da hotonsa da sunansa, duk wanda ke kan wayfai ɗin gida ya buɗe a waya ko talabijin ya zaɓa kamar yana cikin Netflix. Kayan naka ne, a ɗakinka suke kwana, ba mai bin ka kuɗin wata. An fara ta a Disamban 2018, lokacin da masu Emby, wata manhaja irinta, suka rufe tushen manhajarsu, sai wasu 'yan sa-kai suka ɗauki sigar da ke buɗe suka ci gaba da gini a kai. Har yau kyauta ce, babu wani sashe da aka kulle sai an biya.

Na duba Plex, wata manhajar mai irin wannan aiki, kafin in yanke shawara, kuma gaskiya ta fi sauƙin kafawa. Abin da ya karkato da ni shi ne Jellyfin tana ajiye asusun kowa a cikin kwamfutar gida, ba sai ta tuntuɓi wani waje ta intanet kafin ta buɗe maka ƙofa ba. Daga baya ma, a Afrilun 2025, Plex ta ɗaga kuɗin rajistar dindindin daga dala 119.99 zuwa 249.99, ta kuma sa kuɗi a kan kallon bidiyon gida daga nesa.

Gidanmu gidan yawa ne, ɗaki tara, tsakar gida ɗaya, yara ba a magana. Duk wanda ya zauna a irin wannan gida ya san yadda data ke ƙonewa. Netflix da kanta ta ce awa ɗaya na kallo mai tsabta yana iya cin gigabayit 3, na ƙasa da shi kuma har gigabayit 1. Yaro kuwa in ya ƙaunaci katun ɗaya sai ya kalle shi sau goma, kowane kallo da kuɗinsa. Da Jellyfin sau ɗaya abu ke shiga gida, daga nan ko sau ɗari aka kalla, tsakanin ɗakina da ɗakinsu kawai yake yawo. Na buɗe wa yara asusunsu daban, ba sa ganin komai sai abin da na ware musu. Iyayensu mata sun fi yaba wannan fiye da komai.

Ranar da na tabbata ban yi asarar kuɗina ba ita ce Alhamis 14 ga Maris, 2024, a makon farko na azumi. Ranar ce igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabta. Saƙo ba ya tafiya, harkar banki ta waya ta cije, kowa sai ɗaga waya sama yake yana neman sabis. Bayan tarawi mutanen gida suka zauna jugum a tsakar gida. Na fito da talabijin na ɗora a kan benci, na jawo waya daga ɗaki, na miƙa wa Mma rimot. Ba ta karanta Turanci, shi ya sa tun farko na sa wa kowane bidiyo hoton fuskar mai bikin. Ta yi ta latsawa a hankali har ta tsaya a kan bikin Yayarmu na 2004. Can wajen minti na ashirin sai ga marigayi Baba ya shigo hoto, da farar babbar riga, yana raba goro yana dariya. Mma ta ce, "Ɗana, mayar min da shi baya." Na mayar. Sau uku tana sa ni ina mayarwa, ba wanda ya ce uffan. Ƙananan jikokin da ba su taɓa ganinsa yana motsi ba suka matso har suna taɓa gilashin.

To amma kada wani ya ɗauka abu ne na saya ka kunna. Jellyfin tana buƙatar mai kula da ita, kamar yadda injin niƙa ke buƙatar mai tsaye a kansa.

Wahalar farko ita ce ta sauya wa bidiyo kama. Wayoyin yanzu da yawa suna ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, tsohon akwatin talabijin ɗin Kawu kuma ba ya gane shi. In haka ta faru sai uwar garke ta riƙa juya bidiyon nan take zuwa tsarin da na'urar ke ganewa. Da farko kwamfutar sai ta ɗau zafi, fanka na ƙugi, hoto na tsayawa kowane daƙiƙa biyar. Dare uku na yi kafin in gano cewa a cikin ƙwaƙwalwar Intel ɗin akwai wani sashe, Quick Sync, da aka yi musamman don wannan aiki, sai dai ban ba Docker, manhajar da Jellyfin ɗina ke gudana a cikinta, izinin taɓa shi ba. Layi ɗaya na ƙara a fayil ɗin saiti. Na sake kunnawa, fanka ta yi tsit, mutum uku suna kallo lokaci guda ba gargada. Ƙarfe biyun dare ne, amma daɗi bai bar ni na yi barci ba.

Ta biyu, wayfai. Bangon bulo yana shanye shi, ga kuma Nima gida a jikin gida, kowa da rautarsa suna ta hawa kan juna. Sai da na sayi kebul Cat6 na bi ta ƙarƙashin kwano zuwa ɗakunan baya, na koyi matse kan kebul da hannuna. Siraran wayoyi takwas ne, kuma sai an jera su daidai: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Na lalata kai bakwai kafin ɗaya ya yi. Yanzu ko a duhu yatsuna sun san jerin.

Sunaye ma sun ba ni aiki. Jellyfin tana ɗauko bayanin fim daga TheMovieDB, ni kuma da farko na zuba bidiyoyin biki a rukunin fina-finai, sai ta riƙa liƙa musu hotunan finafinan da ba su da alaƙa. Akwai rukuni na musamman don bidiyon gida da hotuna, can ya kamata su shiga tun farko. Tsofaffin faya-fayen finafinan Hausa da Kawu ya saya shekaru da suka wuce kuwa, yawancinsu da hannu na rubuta musu suna da shekara.

Sai dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki. An ɗauke wuta wata rana kwamfutar na tsakiyar rubutu, ma'ajiyar bayanan ta lalace, duk sunayen da na yi wata biyu ina rubutawa suka tafi. Bidiyoyin suna nan, amma jerin ya rushe. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Daga ranar na sayi ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, na sa kwamfutar tana kwafe saitinta kowane dare, na kuma ajiye faifai na biyu a gidan Yaya a unguwar Madina ta Accra, ina sabunta shi duk wata. Wanda zai fara, ya sayi UPS ɗin rana ɗaya da kwamfutar.

Kallo daga nesa shi ne inda Jellyfin ta bar maka aikin gaba ɗaya. Ƙanina da ke Hamburg ya so ganin sunan ɗan Yaya. Intanet ɗin gidanmu na layin waya ne, kuma irin wannan layi yawanci adireshi ɗaya ake raba wa kwastomomi da yawa, don haka ba a iya buɗe ƙofa daga waje kai tsaye. Wata manhaja mai suna Tailscale ce ta warware min, ta haɗa wayarsa da kwamfutar kamar suna ɗaki ɗaya. Yana kallo, amma sai ya rage tsabtar hoton, don ƙarfin turawa daga gidanmu bai taka kara ya karya ba.

Duk wannan na faruwa ne ina tsakiyar ruɗanin abin da zan yi da rayuwata. Na gama hidimar ƙasa, ina bin wani kwas na gina shafukan intanet, wata takwas ina fama. Ina gane darasin, amma sai na tilasta wa kaina zama. Kebul kuwa ko adireshin da ya ƙi tafiya, ban san lokacin da dare ke rabawa ba. Kawu, wanda shi ya biya min kuɗin kwas ɗin, bai ji daɗi ba da na gaya masa ina so in koma harkar netwok.

"Yaro, kowa na cewa kodin ne ke kawo dala. Kai kuma za ka koma hawa tsani kamar mai gyaran wuta?"

"Kawu, ranar da igiya ta tsinke a teku, duk masu kodin ɗin zama suka yi suna jiran masu hawa tsani."

Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce in je in yi istihara. Na yi. Maganarsa kuma tana da gaskiya a ciki. Mai rubuta manhaja yana iya zama a Nima ya yi wa kamfanin Amurka aiki, mai netwok kuwa a farkonsa sai ya je wurin da ƙafarsa, rana ta dake shi, kuɗin kuma ba yawa. Tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin One Million Coders a Afrilun 2025, kusan duk matashin da na zanta da shi a unguwa kodin yake ambata, kuma ina yi musu fatan alheri. Ni dai na auna abin da zan iya yi shekara ashirin ban gaji ba. Na shiga Cisco Networking Academy, inda ake samun Packet Tracer, manhajar gwajin haɗa netwok, kyauta, ina shirin jarrabawar ƙwarewar netwok ta CCNA, wadda kuɗinta dala 300 ne. Abubuwan da littafin ke kira da manyan sunaye, rabon adireshi, DNS, NAT, duk na riga na ci karo da su a tsakar gidanmu kafin in san sunansu.

Game da inda kallon gida ya dosa, ba na jin uwar garke irin tawa za ta shiga kowane gida. Yawancin mutane ba su da lokacin renonta, ƙannena ma rabin kallonsu YouTube ne da TikTok a waya. Manyan kamfanoni kuwa suna ta motsi. Netflix ta iso Ghana a Janairun 2016, a 2023 ta fara hana raba kalmar sirri tsakanin gidaje. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ta fara aiki a nan a 2024. A 2025 aka yi ta ja-in-ja tsakanin ministan sadarwa Sam George da masu DStv kan farashi, a shekarar kuma Canal+ ta Faransa ta karɓi ragamar MultiChoice, kamfanin da ke da DStv. Ko wa ya yi nasara a cikinsu, abu guda ba ya canzawa: bidiyo kaya ne mai nauyi, in daga nesa za a ɗauko shi kullum, tsada zai yi kuma igiya ɗaya na iya tsayar da shi. Shi ya sa Netflix ke ajiye na'urorinta na Open Connect, masu riƙe da kwafin finafinanta, a cikin kamfanonin intanet na ƙasashe, shi ya sa aka kafa mahaɗar intanet ta Ghana, GIX, tun 2005, don abin da ke cikin ƙasa ya daina zagayawa ta Turai kafin ya iso maƙwabci. Dabarar da na yi wa ɗaki tara ita suke yi wa ƙasa guda, kuma kowace irin wannan na'ura akwai mutumin da ke kwana da tunaninta. Wurin nake so in samu kaina.

Wa zan ba shawarar ya kafa Jellyfin? Mai gidan yawa, mai tarin bidiyon iyali ko karatun malamai, da duk matashin da ke tsaye tsakanin hanyoyi biyu a harkar kwamfuta yana so ya gwada kansa da kuɗi kaɗan. Wanda ke son sababbin finafinai kawai ba tare da ɓata dare ba, ya biya kuɗin wata ya huta, ya fi masa. Kayan da za ka zuba kuma su zama naka ne ko waɗanda aka ba ka izini.

Yanzu haka akwai kwali ɗaya a ƙarƙashin gadona, kaset 43 na tafsirin azumi da Baba ya naɗa da rediyonsa a masallacin unguwa. Na samo tsohuwar rikoda da wayar da za ta haɗa ta da kwamfuta, na gama guda shida. Mma ta ce kada azumi ya kama ban gama ba, Kawu kuma ya ce in na sa ranar jarrabawar in faɗa masa, rabin kuɗin na wuyansa.