GARGAƊI ga masu shirin saka sola a Katsina

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas na tura wa wani mai saka sola a nan cikin Katsina, 1,800,000, ga shi batir ko ƙarfe goma na dare ba ya kaiwa, yara suna kwana cikin zufa.

Kuma kar wani ya ce min ban yi bincike ba. Shago gare shi, har wani gida da ya ce aikinsa ne a Ƙofar Ƙaura ya kai ni, na ga firij na aiki da idona. Ranar ciniki a zaurena muka zauna, aka kira la'asar ya ce "Alhaji mu fara ba da farali", sahu ɗaya muka tsaya. Da aka sallame ya riƙe hannuna ya ce "Alhaji waranti shekara biyar ne, ko tsakar dare ne kira ni". To wa zai zargi mutumin da kuka yi sallah kafaɗa da kafaɗa? Har yanzu ina jin muryarsa, ko tsakar dare ne kira ni. Yanzu layin a kashe.

Yadda muka yi, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama wutar gida) mai ƙarfin 3.5kVA, fanel 6, batirin litiyam sabo dal, in ba da 1,800,000 kafin alƙalami, sauran wata-wata, in na gama kaya sun zama nawa. Mai gyaran da na kira ya ɓare sitikar batirin sai ga tsohuwa a ƙasa, duk ta ƙone. Tun kafin nan ma, takardar da na sa wa hannu shafi biyu ce, na karanta ta tsaf, na nemi kofi ya ce sai an buga hatimi a ofis. Da kofin ya zo ya zama shafi uku, an cusa ɗaya a tsakiya wai haya na ɗauka, kayan nasu ne, in na yi lattin biya su kwance abinsu kuma ba a maida kuɗi. Maganar waranti babu ita ko layi ɗaya. Na duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, babu shi.

Ƙanina lauya ne, ya ce in dai akwai takarda mai sa hannu, alƙawarin baki da wuya ya yi tasiri a kotu. Duk da haka zan kai ƙorafi FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma zan je wurin 'yan sanda, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ba a ƙasa na tsinta ba.

Ku dai a rubuta muku saye ne ko haya, jimillar kuɗi, lambar batir da waranti, ku sa hannu a kowane shafi ku karɓi kofinku nan take. Sikirinshot na alat da hirarmu ta WhatsApp suna nan, da na samu caji zan ɗora.